Taswirar da Aka Biya Bashi da Ita

Kwanakin baya na shafe dare guda ina duba kwafin tsofaffin taswirorin ƙasar Ayilan da Kwalejin Trinity ta Dublin, babban birnin ƙasar, ta ɗora a intanet, waɗanda aka zana tsakanin 1655 da 1656, kuma ban daɗe ina kallo ba na lura da wani abu da ya ɗaure mini kai: wani yanki cike yake da layuka da lambobi da sunaye, amma na kusa da shi fari fat, sai ka ce ba a taɓa kafa bukka a cikinsa ba.

Dalilin yana cikin abin da ya sa aka yi aikin tun farko. Bayan da sojojin Oliver Cromwell, jagoran sojan Ingila, suka murƙushe Ayilan, gwamnatin Ingila ta wayi gari da bashin albashin sojoji a wuyanta, ga kuma attajiran da suka zuba kuɗin yaƙin tun 1642 bisa alkawarin za a biya su da ƙasa. Tun da baitulmali babu kuɗi, sai aka juya kan gonakin 'yan Katolika da aka ƙwace. Amma ba a raba abin da ba a san girmansa ba, don haka aka damƙa awon ga William Petty, wanda likitan soja ne, ba ma'aikacin safiyo ba. Ya koya wa sojoji jan sarƙar awo, ya rarraba aikin hannu-hannu ga mutum kusan 1,000, suka kammala cikin wata 13. Filin da ba a ƙwace ba babu mai bukatar awonsa, shi ya sa aka bar shi fari.

Wurin da na fi daɗewa a kansa shi ne yadda aka kasa ƙasar gida biyu, mai amfani da marar amfani. Tsaunuka da wuraren da ruwa ke kwanciya suka faɗa rukuni na biyu, ko da kuwa mutanen wurin sun gaji kiwo da haƙar wata ƙasa da ake ƙonawa kamar itace a cikinsu tun kaka da kakanni. Wannan ya sa ni murmushi, domin a wurinmu fadama ce ake rububi. Layin da mai awo ya ja tsakanin rukunan biyu shi ke yanke yawan ekar da soja zai karɓa, kuma shi Petty an fi biyansa a kan ƙasa mai amfani, abin da ya isa ya sa mutum ya duba layin da ido biyu. A takardun da ke tare da taswirorin an rubuta sunan mai gona da addininsa, ba don a tabbatar masa da haƙƙinsa ba, sai don a san daga hannun wa aka karɓa.

A 1641 wajen kashi 60 cikin 100 na ƙasar Ayilan yana hannun 'yan Katolika. Zuwa 1703 bai wuce kashi 14 ba. Petty kuwa ya tashi da makeken fili a yankin Kerry na Ayilan.

Su kansu taswirorin na asali ba su tsira ba, sai kwafinsu. Gobarar 1711 a Dublin ta cinye da yawa, ta 1922 ta lashe ragowar na asali. Wani kwafi da jirgin Faransa ya kama a teku a 1707, ana hanyar kai shi Landan, yana ɗakin karatu na ƙasa a Faris har yau.