Ruwan saman da na saka wa Baba Saje a waya

Ranar Alhamis zan miƙa makullin ɗakin gwajin ji, bayan shekara shida. Waɗanda muka yi aiki tare sun san halin ɗakin nan, ba sai na faɗa ba. Abin da ya ƙi fita raina shi ne maganar wani tsohon soja mai fama da kukan kunne da muke kira Baba Saje.

A shekarata ta biyu ya zo. Yana cikin waɗanda aka kai Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990, kuma wajen igwa ya yi aikinsa. Da ya zauna ya ce, "'Yata, gyare ne a kaina. Shi bai yi barci ba, ni bai bar ni na yi ba." Gwaji ya nuna abin da muka saba gani wajen mutanen bariki: jin ya faɗi a wajen siririn sauti, daidai 4000 Hz, kunne biyun duka. Harbi ɗaya na bindiga yakan haura decibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali 85 ma in aka wuni a cikinsa kullum ɓarna yake yi, kuma 'yan gashin nan na can cikin kunne masu ɗaukar sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa. Ƙwaƙwalwa ta rasa sautin da ta saba samu, sai ta yi ta ƙara murya kamar mai murɗa rediyon da tasharsa ta ɓace. Kukan da yake ji ke nan.

A lokacin kaina ya ɗau zafi da hanyar wani masani mai suna Pawel Jastreboff, wadda ya fito da ita wajajen 1990: a yi wa mutum bayani har tsoron abin ya sake shi, sannan a ba shi wani sauti mai laushi da zai riƙa ji tare da kukan, ba wanda zai danne shi ba, har ƙwaƙwalwa ta daina kula shi. Aikin shekara ɗaya zuwa biyu ne. Ba mu da na'urorin da ake maƙalawa a kunne, don haka waya nake amfani da ita. Na karɓi tasa na saka masa sautin ruwan sama a kan kwano, saboda ni shi ke sa ni barci. Ban tambaye shi ba. Batun kada ya ƙure ƙara kuwa, ina miƙa masa katinsa na faɗa, idona na kan na bayansa.

Bayan sati uku matarsa ce ta dawo da katin. Ta ce tun da na ba shi abin nan, tsakar dare sai ta tarar da shi a rakuɓe bayan ƙofa, gumi sharkaf. Sai daga baya na san Monrobiya, babban birnin Laberiya, tana cikin biranen da suka fi shan ruwan sama a duniya, kuma a cikin irin ruwan nan ya ɗauki gawar abokansa. Ga shi mutum ne da in an ba shi umarni ba ya musu. Na ce ya saurara, ya saurara. Da ya ga gyaren bai tafi ba sai ya ƙure ƙarar, abin sauraro a kunne har kiran assalatu, gari na wayewa kukan ya fi na jiya.

Laifina ne, ban taɓa musantawa ba. Amma a taron safe, gaban ɗalibai, shugaban sashenmu ya ɗaga katin ya ce, "Wa ya aike ki maganin waya?" Shi ne fa ya yanke mana minti goma kan kowane marar lafiya. Shi ne kuma mai sallamar irinsu da "ba shi da magani, je ka saba da shi", maganar da ke hana mutum barci fiye da kukan kansa. Na yi shiru na haɗiye. Shekara uku bayan haka na ji shi yana gaya wa baƙi cewa sashensa ne ya ɓullo da maganin sauti. Allah ya isa ban ce ba, amma ban tafa ba.

Na nemi ƙanena ya raka ni gidan Baba Saje. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce, "Tashi 'yata, ai da niyyar alheri kika yi." Ranar na yi tambayar da ta kamata tun farko: wane sauti ne ba ya tuna masa komai? Ya yi dogon tunani ya ce fanka. In an ɗauke wuta kuma, rediyonsa mai batir, a tsakanin tasha da tasha, can ƙasa-ƙasa yadda zai ji gyaren a samansa. Zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa ne ya ba ni wahala. Sai da ya ce min sau biyu shi ba mahaukaci ba ne kafin ya yarda. Ya haura shekara kafin wata rana ya ce gyaren yana nan, amma sun zama maƙwabta.

Sauran darussan ƙanana ne. A tambayi tarihin kwinin, asfirin mai yawa da allurar gentamicin, don magungunan nan kan jawo kukan kunne. Kuka a kunne ɗaya, ko mai bin bugun zuciya, na likita ne, ba na fanka ba. Wanda jinsa ya ragu, na'urar ƙara ji ta fi masa kowane sauti. A Amurka kukan kunne ne kan gaba cikin lalurorin da ake biyan tsofaffin sojoji diyyarsu, mutum sama da miliyan 2. Namu kuwa sai ka tono, don ba su ɗauke shi ciwon da namiji zai kai asibiti ba.

Wadda za ta gaje ni, akwai takardar tambayoyi a aljihun teburi na biyu. Layin ƙarshe da biro na ƙara shi: ina ka yi aiki, kuma wane sauti ne ba ka so? Tun bara take jiran sa hannun Oga.