Tarihin Rayuwata (17): Shekarar da aka yi min tayin burodin unguwa guda

Makon jiya na tsaya a inda na ajiye tuƙin tasi na kama aikin kula da majami'ar Yahudawa a can saman Bronx ta birnin New York na Amurka, wajen Riverdale. Aikin ba abin ɓoyo ba ne: shara, goge-goge, lura da injin ɗumama gini, kwashe ƙanƙara daga bakin ƙofa da hunturu, sai kunna fitila ko kashe ta ranar Asabar, tunda su ba sa taɓa makunni a ranar. Ban daɗe ba suka damƙa min makullan ginin gaba ɗaya, har da na ɗakin da suke ajiye kayan azurfar da ake yi wa littafin Attaura ado da su.

Ranar da na karɓi makullan nan maganar Baba ce ta faɗo min, Allah ya jiƙansa. Yakan ce wanda ya ba ka ajiya ba ka tambayarsa alƙibla. Kuma ba a baki kawai ya faɗa ba. A 1966, da gari ya rikice, wani Ibo mai ɗinki da suke hulɗa ya zo gidanmu na Fagge da daddare ya bar masa kekunan ɗinkinsa da makullin shago, ya gudu kudu. Sai bayan an gama yaƙi a 1970 ya dawo, a rame, ba ya tsammanin komai. Baba ya sa aka fito da kekunan daga ɗakin soro, duk an shafe su da mai an lulluɓe da buhu, ya kuma ƙirga masa kuɗin hayar shagon har sisin kwabo. Ina yaro a lokacin amma ina tuna mutumin ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Yaya Babba ma yana tsaye a wurin, ya girme ni, ya fi ni gani. Shi ya sa abin da ya yi min daga baya ya fi ciwo. Amma bari in bi a hankali.

Babban idinsu na bazara shi ne Idin Ƙetarewa, su suna ce masa Pesak. Tunawa ce da fitar Bani Isra'ila daga Masar a bayan Annabi Musa, alaihis salam. Suna cewa an fita cikin gaggawa, ƙullin gurasa bai samu ya tashi ba, don haka kwana takwas, ko bakwai ga waɗanda ke Isra'ila, ba mai cin abin da aka yi da alkama ko sha'ir ko danginsu matuƙar ruwa ya taɓa garin ya wuce minti 18 ba a gasa ba. Sunan abin hamets: burodi, taliya, biskit, kek, har giyar hatsi da wiski. Ba ci kaɗai aka hana ba, ko mallakarsa ba a yarda mutum ya yi ba. Maimakonsa ake cin matza, gari da ruwa zalla, ba gishiri ba mai. In ka taɓa tauna busasshen ƙanzo to ka gama sanin ɗanɗanonsa.

Wata guda kafin idin nake daina sanin inda kaina yake. Kowace kujera sai an ɗaga, kowane littafin addu'a sai an kife shi an karkaɗe, saboda yara suna cin biskit a kansa duk Asabar. Kicin ɗin majami'ar kuwa yaƙi ne. A kwashe tukwane da kwanukan duk shekara a kulle, a sauko da na idi daga sama. Murhu a bi shi da wutar gas har ƙarfen ya yi ja. A tafasa ruwa a wata ƙatuwar tukunya a ƙasan bene, mutanen unguwa su yi layi da cokulansu da kofunan azurfa ana tsomawa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a liƙe kanta da takardar alminiyam har ido ya riƙa ƙyalli. Akwai wata tsohuwa da ke shugabantar matan kicin, 'yar ƙarama, ta fito daga Hungari bayan yaƙin duniya na biyu, danginta kusan duk a can aka kashe su. Takan bi bayana da tsinken sakace tana tonon tsagar tebur. In ta samo ɗan ɓurɓushi sai ta ɗora a tafin hannu ta nuna min, ba ta cewa komai. Da farko abin yana ƙona min rai. Daga baya ni ne nake riga ta ganowa, in kai mata, ta gyaɗa kai. Ta rasu a annobar 2020, shekarar da aka rufe majami'ar kowa ya yi idinsa a gida, ni kaɗai nake shiga ginin ina duba famfo da injin, kuma na share kicin ɗin tsaf duk da ba wanda zai dafa ko shayi a ciki.

Daren jajibiri kowane magidanci yana bin lungunan gidansa da kyandir da gashin tsuntsu da cokalin katako yana neman ragowar burodi. Da safe 'ya'yan fari, waɗanda a ƙa'ida azumi ya kamata su yi, sukan zo majami'a a sauke wani babi na karatu a yi walima, wannan ya ɗauke musu azumin. Wannan walima ita ce cin kek na ƙarshe, kuma ni ke da sharar bayanta a guje. Sai in fito da duro filin ajiye motoci in hura wuta, kowa ya kawo guntayensa ya jefa kafin hantsi ya gama ɗagawa, yana karanta cewa duk hamets ɗin da ya rage a hannunsa, wanda ya gani da wanda bai gani ba, ya zama kamar ƙurar ƙasa. Faɗana da su kullum ɗaya ne, a cire leda kafin a jefa.

To abin da ba zai ƙonu ba fa? Mai kwalin taliya goma, mai kwalaben wiski masu tsada, mai kanti? Nan ne maganar take. Kowa yakan cike wa limaminsu, rabai, takardar wakilci, ya rubuta adireshi da inda kayan suke da kimar kuɗinsu, ya liƙe kabad ɗin da salatif. Shi kuma ya sayar da su duka ga wanda ba Bayahude ba, da safiyar jajibiri. Mai saye ya ba da kafin alƙalami, sauran ya zama bashi a kansa, a sa hannu, a tafa, a ba shi hayar wuraren da kayan suke. Bayan idi ya fita, rabai ya je ya saye su daga hannunsa.

A 2002 wanda ya saba saye ya ƙaura, sai rabai ya kira ni ofis, tarin takardu a gabansa. Ya ce ya ga yadda nake riƙe makulli, yana so ni in zama mai sayen, kuma akwai ɗan alheri a ciki. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ɗan Fagge da ya sauka a ƙasar nan da jaka ɗaya, a ce na kwana takwas shi ke da burodin likitoci da lauyoyin unguwa guda. Na ɗauki takarda ɗaya ina dubawa, sai idona ya faɗa kan layin da aka rubuta wiski.

Na ce, "Malam, wannan cinikin na gaske ne ko na takarda?"

Ya ce na gaske ne, in na ga dama in je gidan mutum in buɗe kabad in kwashi kayana, in biya kuɗinsu.

Na ce to a ba ni zuwa gobe.

Bayan isha'i na tsayar da limaminmu na masallacin Bronx, wani dattijo ɗan Kumasi, na zayyana masa. Bai ja ba. Ya kawo hadisin da aka la'anci mutum goma a kan giya, ciki har da mai saye da mai sayarwa da mai ɗauka. Ya ce, "Ɗana, in wasa ne to ka taya su yaudarar addininsu, in gaske ne ka sayi giya. Wanne ka zaɓa?" Washegari na koma na ce wa rabai albarka. Ya ce ai a Isra'ila ma wani Musulmi Balarabe na garin Abu Gosh ne ke sayen na gwamnati gaba ɗaya duk shekara. Na ce kowa da malaminsa. Ya yi shiru, sannan ya yi dariya har da buga tebur, ya ce shekara da shekaru yana fama da jama'arsa su yarda cinikin nan ciniki ne, ga shi wanda ya fi kowa yarda da shi ya ƙi saye. Wani Kirista ɗan Dominika mai gadin filin motoci shi ya karɓa, ni kuma na zama mai riƙe masa makullin sito.

Iyakar abin da ya faru ke nan. Ko kwalba ban taɓa ɗagawa ba. Abin dariyar ma, su kansu suna da doka cewa in wanda ba Bayahude ba ya taɓa buɗaɗɗiyar kwalbar ruwan inabinsu da ba a tafasa ba, ta haramta gare su. Su ba sa so in taɓa, ni ba na so in taɓa, ba a taɓa samun saɓani a nan ba. Amma ɗan Gwaggo, wanda ya zauna a ɗakina kyauta yana neman takardu, ya ji ina ba wa maman yara labari, ya tsinci rabi ya kai gida a waya. Kafin ya isa kunnen Yaya Babba, na zama dillalin giyar Yahudawa. A zaman rabon gadon Baba a 2009, gaban Baffa da limamin unguwa da surukai, ya ce kada a haɗa kuɗin da na aiko na gyaran gida cikin lissafi, wai ba a san asalinsu ba. Rufin kwanon da yake kwana a ƙarƙashinsa fa, da waɗannan kuɗin aka yi shi. Kujerar Makkan Inna ma haka. A lokacin ba wanda ya tambayi asali. Na ce masa, "Yaya, kana nan ranar da Baba ya fito da kekunan ɗinki." Ya ce wancan daban. Har yau ina jiran ya gaya min bambancin.

Bari in koma kan idin, don ban ma faɗi daren da ya fi komai ba. Dare biyu na farko ake zaman cin abincin da suke kira Seda. Yawanci a gida ake yi, amma a dare na biyu majami'ar takan shirya na taro saboda tsofaffi da ɗalibai da waɗanda ba su da kowa. Ni ke jera tebura. A kowane faranti akwai gasasshen ƙashi, dafaffen ƙwai, ɗanyen ganye da ake tsomawa a ruwan gishiri don tuna hawaye, wani kwaɓin tuffa da 'ya'yan itace mai kalar yumɓun da suka yi wa Fir'auna tubali da shi, sai wata farar saiwa mai hawa hanci don tuna ɗacin bauta. Ni ke gurza ta a ƙasan bene, taga a buɗe, hawaye har gemu. Ƙaramin yaro ya hau kujera ya rera tambayoyi huɗu, me ya sa daren nan ya bambanta da sauran darare, manya su amsa da labarin fita daga Masar. In an zo kan annobai goma, kowa ya ɗiga digo ɗaya daga kofinsa a kan kowace. Ina bakin ƙofar kicin ina jin jini, kwaɗi, ƙwarƙwata, fara, ni kuma ina bin ayar Suratul A'araf a zuciyata. Mu ma ai saboda tsirar Annabi Musa muke azumin Ashura.

Ana ɓoye rabin matza a nannaɗe, yara su bazama nema, wanda ya gano a ba shi kyauta. Sun san ba lungun da ban sani ba, sai su kewaye ni suna jan riga. Ban taɓa faɗa ba, ajiya ce ita ma. Wata shekara wani uba ya ɓoye ya manta, sai a watan Yuni na tsince ta a bayan bututun ɗumama ɗaki. Can wajen ƙarshe a cika kofi na musamman a buɗe ƙofar waje saboda Annabi Ilyas. Tun bayan harbin da aka yi a wata majami'a a Pittsburgh a 2018, inda aka kashe mutum 11, ba a buɗe ƙofar nan sai ni da mai gadi muna tsaye a waje muna duba titi.

A 2022 da 2023 idin ya faɗo cikin Ramadan. Ba a shiga ginin da abincin waje, don haka kunu da ƙosan da maman yara ke haɗa min a mota nake barinsu, in rana ta faɗi in fita in sha ruwa a can. Matar rabai ta lura, ba ta ce min komai ba, sai na riƙa tarar da dabino da ruwa a kan teburina kafin magariba, dabinon da tambarinsu na idi a jikin kwalin. Su kuma sai taurari sun fito suke fara nasu, na riga na yi sallah na dawo.

Rana ta takwas majami'a takan cika maƙil saboda addu'ar mamata, har waɗanda ba ka gani duk shekara. Dare na yi rabai ya je ya sayo kayan daga hannun ɗan Dominika, matasa su ruga layin gidan fiza, ni in kwana ɓamɓare alminiyam. Matzar da ta rage kwali-kwali ni ake tura wa. Yarana ba sa ci, maman yara ce ke farfasa ta a miya. A tafiyar 2009 na sa kwali ɗaya a jaka cikin tsaraba. Washegarin zaman gadon na shiga soro na tarar da Yaya Babba ya buɗe shi yana tsomawa a shayi, ya ci ya kai rabi. Ya ɗago ya ce wannan biskit ɗin na Amurka ba sukari, na masu ciwon suga ne? Na ce e, Yaya, ci abinka. Sauran ma ɗakinsa ya shige da shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda aka ƙare da filin Baba na hanyar Zariya, da rawar da ɗan Gwaggo ya taka a ciki.