Gungumen da aka mayar gida domin ya ruɓe

Akwai wata basilla ta ƙashi da na daɗe ina kallo ta bayan gilashi a wani gidan adana kayan tarihi da na taɓa shiga a Turai. Tsawonta bai kai taƙi guda ba, an yi ta ne da ƙashin ƙafar gaba na barewa, an bar gaɓar a matsayin mariƙi, aka goga ɗaya gefen a kan dutse har ya yi tsini. Bakinta yana sheƙi kamar an shafa masa mai, kuma a wajen mariƙin akwai inda ya yi santsi ya ɗan lotsa, daidai gurbin babban yatsa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da baduku yana aiki ya san cewa irin wannan sheƙi ba ya samuwa sai kayan aiki ya shekara da shekaru yana huda fata. Takardar da aka ajiye a gefenta ta faɗi sunan Baturen da ya kawo ta da shekarar da ya kawo ta, ta ce daga Arewacin Amurka ta fito, amma game da wanda ya fere ta, ko wadda ta yi ɗinki da ita, ba ta ce komai ba.

Kayan aikin ƙashi na mutanen asali na Amurka da Kanada suna da yawa a irin waɗannan gidaje, kuma kowanne yana ɗauke da ilimin da ya kamata a tsaya a duba. Al'ummomin Mandan da Hidatsa, waɗanda suka yi noman masara a bakin kogin Missouri, da allon kafaɗar ɓauna suke yin fartanya. Matan Inuit na yankin ƙanƙara suna fere allura da ƙashin tsuntsu ko haƙorin dabbar ruwa, su yi zare da jijiyar dabbar dawa, su ɗinka takalmin fata da wani irin ɗinki wanda allurar ba ta ratsa fatar gaba ɗaya, saboda kada ruwa ya samu hanyar shiga, domin a ƙasarsu jiƙewar ƙafa na iya zama sanadin ajali. A cikin al'ummomin Dene da Cree har yau akwai mata masu jima da suke kankare fata da ƙashin ƙafar babbar dabbar dajinsu, saboda ƙashi yana cire nama da kitse ba tare da ya yanke fatar ba. Wannan na ƙarshe ya dame ni, domin abin da ake nunawa a bayan gilashi a matsayin kayan mutanen da suka shuɗe, irinsa yana hannun jikokinsu suna aiki da shi.

Sassaƙar itace ta fi ƙashi ɗaukar ido, shi ya sa ma aka fi yi mata wawaso. A gaɓar tekun yammacin Kanada, inda dogayen itatuwan sida suke, masassaƙa suna yin akwatuna da akusa da fuskokin rawa, suna kuma sassaƙa dogayen gungumai da siffofin gaggafa da hankaka da sauran alamomin dangi, su kafa su a tsaye. Baƙo yana iya ɗaukarsu ado kawai, amma a wurin masu su kowace siffa shaida ce ta asali da haƙƙin suna da ƙasa, kuma ana kafa gungumen ne a gaban taro a bikin da ake kira potlatch. Gwamnatin Kanada ta haramta wannan biki daga 1885 zuwa 1951. Bayan wani biki da aka yi a tsibirin Village a ƙarshen 1921, an kama mutane da dama, aka ɗaure wasu, aka karɓe fuskokin rawa da sauran kaya, suka ƙare a gidajen tarihi na Ottawa da Toronto da New York. Kalmar "an samo" da ake rubutawa a kan takardun bayani sau da yawa irin wannan labari take rufewa.

Labarin da ya fi zama a raina shi ne na gungumen G'psgolox. A 1872 wani shugaba mai wannan suna, daga mutanen kwarin Kitlope waɗanda daga baya suka haɗe da al'ummar Haisla, ya sa aka sassaƙa shi bayan cutar agana ta kashe masa 'ya'ya da dangi. Gungumen ya kai mita 9, ya tsaya a ƙauyen Misk'usa fiye da shekara hamsin. A 1929, lokacin da mutanen ba sa wurin, aka sare shi daga tushe da hannun jami'in gwamnati mai kula da 'yan asalin yankin, Iver Fougner, aka miƙa shi ga ƙaramin jakadan Suwidin, Olof Hanson, wanda ya aika da shi Stockholm. A can ya yi shekaru masu yawa a kwance a ma'ajiya kafin a tsayar da shi a sabon ginin gidan tarihin al'adu. Mutanensa kuwa sun dawo sun tarar da kututture, kuma sun shafe sama da shekara sittin ba su san inda aka kai shi ba.

A 1991 wakilan Haisla suka je Stockholm suka gan shi, an tallafe shi da ƙarfe domin ya tsaya, kuma sun bayyana cewa ƙarfen ya yi musu kama da mari a wuyan bawa. Gwamnatin Suwidin ta amince a mayar da shi a 1994, amma da sharaɗin a ajiye shi a gini mai na'urar daidaita sanyi da laima. A nan ne ra'ayoyi biyu suka yi karo, kuma ban ɗauki ko ɗaya daga cikinsu da wasa ba. Ma'aikacin gidan tarihi an horar da shi ne ya yaƙi gara da ruɓa da hasken rana, aikinsa ke nan, kuma da ba don irinsa ba, da abubuwa da yawa na itace da fata da ƙashi sun salwanta. Su kuwa masu gungumen, a al'adarsu idan irinsa ya tsufa ya faɗi ba a ɗaga shi, ana barinsa ya koma ƙasar da ya fito, sai 'yan baya su sassaƙa nasu. Ga shi kuma ƙaramar al'umma ce wadda ba ta da kuɗin gina irin ginin da aka gindaya.

Abin da suka yi ya burge ni ƙwarai. Masassaƙinsu Henry Robertson da 'yan uwansa suka sassaƙa sababbi guda biyu irin na asalin, aka kafa ɗaya a inda aka sare tsohon, aka ba Suwidin ɗaya kyauta. Wanda aka yi wa ƙwace shi ne ya zo da kyauta, kuma a wurin aikin matasa suka ga yadda ake riƙe gizago. A 2006 tsohon gungumen ya dawo gida. Wani makamancinsa, gungumen Ni'isjoohl mai tsawon mita 11, wanda wani mai binciken al'adu, Marius Barbeau, ya ɗauke daga ƙasar al'ummar Nisga'a a waccan shekara ta 1929 ya sayar wa gidan tarihi na Edinburgh, sai a 2023 ya koma, a cikin jirgin saman sojan Kanada.

Akwai wani ɓangare na adanawa da ba a cika faɗa ba. Tun ƙarni na 19 har zuwa cikin ƙarni na 20, gidajen tarihi da yawa sun riƙa barbaɗa wa kayan itace da fata da gashin tsuntsu guba irin su asanik da zaiba, daga baya kuma DDT, domin kashe asu da ƙwari. Bayan Amurka ta kafa dokar NAGPRA a 1990, wadda ta wajabta mayar da ƙasusuwan kakanni da kayan ibada ga masu su, al'ummar Hopi ta jihar Arizona ta gano cewa wasu kayan da aka dawo mata da su suna ɗauke da asanik. Kaya ne da aka yi su domin a sa a fuska, a riƙe a hannu, a ajiye a ɗakin da iyali suke kwana, sai ga shi an tsare su daga ƙwaro ta hanyar da ta sa mai su ba zai iya taɓa su ba sai da safar hannu. Tun da na san wannan na daina ɗaukar cewa duk abin da ya daɗe bai lalace ba an kyautata masa.

Ra'ayina shi ne hukuncin a ajiye ko a yi amfani ko a bari ya ruɓe yana hannun waɗanda kakanninsu suka yi abin, ko da hukuncin nasu zai sosa ran masu bincike. Da alama an fara komawa kan haka, domin a watan Janairun 2024, da sababbin ƙa'idojin waccan doka suka fara aiki, babban gidan tarihin halittu na New York ya rufe zaure biyu, na Field da ke Chicago kuma ya lulluɓe wasu akwatunan nuni har sai an nemi yardar masu kayan.

Gungumen G'psgolox ya yi 'yan shekaru a ajiye a cikin gini bayan dawowarsa, mutane suna zuwa suna ganinsa, tsofaffi suna ba yara labarin wanda ya sa aka yi shi da 'ya'yan da ya rasa. A 2012 magajin gidan da ke da haƙƙi a kansa ya ce lokacin hutawarsa ya yi. Aka ɗauke shi aka kai shi wata tsohuwar maƙabarta ta mutanensa, ba nisa sosai da inda aka fara kafa shi, aka kwantar da shi a ƙasa a ƙarƙashin itatuwa, inda ruwan sama yake sauka a kansa.