Gajiyar Uwargida Daban, Ta Maigida Daban

Mace tsakanin shekara 45 zuwa 55, lokacin da haila ke ɗaukewa, sinadarin jikin mata da ake kira istirojin na raguwa. Raguwar kan kawo ciwon gwiwa da yatsu, zufar dare da barci rabi-rabi, sai gajiya ta biyo baya. Wadda jini ke zubar mata da yawa kuwa, a auna jininta: haimogulobin (sinadarin da ke sa jini ja) ƙasa da 12 ƙarancin jini ne, ga namiji ƙasa da 13. Zogale, wake da hanta na taimakawa.

Maigida nasa yawanci ciwon baya ne, daga ɗaukar buhu ko wuni kan babur a hanyar Daura. In gajiyar ta zo da ƙishirwa da yawan fitsarin dare, a gwada suga.

Kuskuren da suka haɗu a kai: shan maganin ciwo diclofenac kullum daga kyamis, alhali yana cin ciki da ƙoda.