Tayar aro da birkin da na toshe

Ranar Asabar da hantsi ɗan ƙanwata ya yi sallama a gidana. Ya durƙusa ya gaishe ni, bai ko jira an kawo masa ruwa ba ya ce, "Kawu, alfarma na zo nema. Tayoyin Fijonka biyu nake so ka ara mini zuwa Litinin da yamma." Na tambaye shi abin da zai yi da su. Ya ce takardun motarsa sun ƙare, Litinin zai kai ta wajen 'yan VIO su duba lafiyarta, ga shi tayoyinsa na gaba sun sha ƙasa. Da zarar an ba shi takarda sai ya maido mini da nawa ya mayar da nasa.

Na leƙa waje na ga motar. Peugeot 504 ce, ya saye ta a Zariya bara. An yi mata sabon fenti ruwan madara, an sake wa kujeru fata, bamba sai ƙyalli take. Yana da dubban masu kallonta a TikTok. Na tsuguna na duba ƙarƙashinta, na ga cikin tayar baya ta dama ya jiƙe da mai. Na dangwala da yatsa na sunsuna, man birki ne. Na ce, "Ka san da wannan?" Ya ce, "Eh Kawu, bakanike ya ce zai ɗan toshe bututun kafin Litinin, bayan sallah sai a gyara."

Sai da na nemi wuri na zauna, domin maganar da ta fito daga bakinsa ita ce ta fito daga nawa fiye da shekara ashirin da biyar da suka wuce.

Tawa Fijon gadon mahaifina ce, Allah Ya ji ƙansa. Ya saye ta sabuwa a farkon shekarun 1980, haɗin Kaduna, daga masana'antar da ke Kakuri wadda ta fara haɗa motoci a 1975. Yaran yanzu ba su san abin da 504 take a ƙasar nan ba. A Faransa aka fito da ita a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, amma a nan ta yi gida. Ita ce motar gwamnati, ita ce ta haya daga Kano zuwa Maiduguri, ita ce ta ɗauko amarya. Turawa sun daina ƙera ta, Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000. Kuma wannan suna nata na juriya shi ya cuce ni. Kullum sai in ce Fijo ce ai, ba ta mutuwa. Injin ne ba ya mutuwa. Roba da mai da taya suna mutuwa kamar na kowace mota.

Lokacin ina koyarwa, albashi sai ya yi wata biyu bai zo ba, ga wahalar mai ta shekarun 1990, mutum ya kwana biyu a layi ya samu rabin tanki. Ina da 'ya'ya uku, ga mahaifiyata, ga ƙanne biyu a makaranta. Ina faɗin wannan ne don a san ban yi don ganganci ba. Ko kuwa dai da gangancin, tunda a shekarar na samu kuɗin sake mata fenti. Har yau in na tuna sai in rasa wanne zan ɗauka.

Shirin da nake yi wa gwaji kowace shekara guda ne. In wanke ta tas, in goge taya da baƙin mai ta yi sheƙi, in ari abin kashe gobara wajen maƙwabcina, in ari tayoyi biyu masu zane wajen wani abokina direban tasha. Fitilar da ba ta kamawa in bubbuga ta har ta kama. A wannan shekarar ƙaramar tukunyar birkin tayar baya ta fara yoyo. Bakanike ya faɗi kuɗin sabuwa, na ce ba ni da shi. Ya ce to akwai dabara. Ya kwance bututun da ke kai mai tayar, ya cusa masa kan ƙusa ya ɗaure. Yoyo ya tsaya, feda ta yi tauri, har na ji daɗi. Mota ta koma tana tsayawa da ƙafa uku.

Mai duba motar bai yi laifin komai ba. Ya ce in kunna fitila, in ba da sigina, in danna ham, in kunna waifa. Ya sa na ja ta kaɗan na taka birki, ta tsaya cak, domin a fili ne kuma a hankali nake tafe. Ya duba tayoyi ya ga zane. Abin da na nuna masa shi ya gani. Da yamma na mayar wa mai taya tayarsa, na ɗaura nawa da suka yi sumul kamar tafin hannu, na sa takarda a aljihun mota ina ganin na yi wayo.

Wata huɗu bayan haka muka tashi daga Jos za mu biki Akwanga, ni da uwargida da yara biyu da buhun dankali a but. Duk wanda ya san hanyar ya san Hawan Kibo. Maimakon in sa giya ta biyu inji ya riƙe motar, sai na sake ta a firi don in rage shan mai, na ɗora ƙafa kan birki tun daga sama. Ƙafa uku ke aikin huɗu, man birkin kuma tun zamanin mahaifina ƙari kawai ake yi masa, ba a taɓa zubar da shi an sa sabo ba. Can tsakiyar gangara na ji wari kamar ana ƙona roba. Na taka, feda ta tafi ƙasa ba wani nauyi. Na sake takawa, babu. Uwargida ta ce, "Malam, lafiya?" Ban amsa ba. Na nemi giya ta ƙi shiga, na ja birkin hannu, taya sumul ta ja ƙasa, muka sauka daga titi muka bugi gefen dutse.

Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Uwargida ta karye a hannu, har yanzu ba ta iya ɗaga tukunya mai nauyi da shi. 'Yata ta biyu, tana shekara shida, ta bugi ƙarfen kujera da goshi. Ranar aurenta ina kallon masu kwalliya suna ta shafa hoda don su rufe tabon.

Mutane sun zo jaje suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na karɓa, na yi shekaru ina fakewa da shi. Na yi imani da ƙaddara. Amma ni na biya kuɗin ƙusar nan, kuma ban taɓa gaya wa uwargida ba sai bayan shekara goma. Da na gaya mata ba ta ce komai ba, ta tashi ta shiga ɗaki.

Daga baya wani tsohon bakanike a kasuwar Panteka ta Kaduna ya yi mini bayanin abin da ya faru. Man birki yana jan danshi daga iska. In ya daɗe ruwa ya taru a cikinsa, da birki ya yi zafi sai ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake, ba ya tura komai. Shi ya sa ake cewa a zubar a sa sabo duk shekara biyu. Kuɗin kwalba biyu ne. A lokacin bai kai kuɗin buhun dankalin da ke but ɗina ba.

Duk wannan na gaya wa yaron. Yana saurare yana leƙa waya. Da na gama sai ya ce, "Amma Kawu, a Ingila fa motar da ta wuce shekara 40 ba a ma kai ta gwaji." Gaskiya ya faɗa, tun 2018 suka sassauta. Amma can ɗin ma in aka kama ka da mota marar lafiya a titi kai za ka amsa, kuma masu irin motocin nan fito da su suke ranar hutu su zaga su mayar. Kai kana ɗaukar abokai biyar ka kama hanyar Abuja. Abin da ke ba ni haushi da ku ke nan, kun san dokar Ingila, ba ku san inda ake zuba man birki a motarku ba. Ku kashe dubban ɗaruruwa kan fenti da sifika, a ce ku sayi bututun roba ku ce sai bayan sallah.

Na zauna da niyyar rubuta muku, ku matasa masu tsofaffin motoci, abubuwa da yawa, amma da na duba sai na ga ba su da yawan.

Kada ka ari komai. Kayan aro ba ya rufe katara. Tayar da za ka hau da ita gobe ita za ka kai a duba. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefenta bayan rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga lamba uku kawai, tun kafin 2000 aka yi ta, ka cire ta yau. Taya tana iya zama da zane fal amma gefenta ya tsattsage don tsufa, musamman a motar da ke yini a rana ba ta tafiya. Har da safaya.

Ka fara shiri wata guda kafin takarda ta ƙare, kuma ka fara daga ƙasa. A hau da ita rami, ka shiga da tocila da kanka. Ka bi bututun birki tun daga masta, wato babbar tukunyar birki, har kowace taya, ka lanƙwasa na roba ka ga ko sun tsage. A ɗaga ta da jak ka girgiza taya da hannu biyu, in tana wasa to bolojoyin ne ko tayarod ko boris. Ka ɗaga tabarmar ƙasa ka soka sukundireba a daɓen, da wurin da jak ke kamawa, domin tsatsa a ƙarƙashin sabon fenti take ɓoyewa. Fitilar da sai an buga take kamawa galibi wayar at, wato wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ce ta yi tsatsa, a kankare ta. In tana baƙin hayaƙi a wanke kabreta a saita, a duba fulogi da kwantak. A Legas da Abuja yanzu na'ura ce ke juya taya tana auna ƙarfin birkin kowace ɗaya, ƙusa irin tawa ba za ta wuce ba. In aka ce motarka ta faɗi, kada ka nemi wanda zai yi maka magana. Karɓi takardar ka kai wa bakanike.

Na ce ka shiga rami da kanka, amma birki kada ka taɓa shi da hannunka, bidiyon intanet ba zai koya maka cire iska daga bututu ba. Ka nemi dattijon da ya yi zamani da Fijo. Sai dai shi ma ka tsaya a kansa, don wanda ya sa mini ƙusa ma dattijo ne.

Kuma in ba ka da kuɗin riƙe ta, ka sayar. Tsohuwar mota ba ta mai ƙaramin ƙarfi ba ce, na faɗa. Ko da yake ni ban sayar da tawa ba. Na yi shekara uku ina tara kuɗi aka miƙe ta, tana nan a rumfa, da ita nake zuwa masallacin Juma'a. In na riƙe sitiyarin nan wurin da hannun mahaifina ya goge nake riƙewa. To kada ka sayar, ka jingine ta a ɗora a kan bulo har ka samu hali. Jinginewa ba abin kunya ba ne.

Tayoyin dai na hana shi. Ya tashi rai a ɓace, har ya kai ƙofa na kira shi na ce ya bar mukullin a nan ya hau Keke Napep. Uwarsa ta bugo da daddare tana cewa, "Yaya, me ya yi maka?" Na ce ta tambayi matata labarin hannunta. Litinin da safe ba ofishin gwaji za mu ba, Panteka za mu. Tukunyar birki da kwalba biyu na mai ni zan biya. Tayoyi kuma sai ya sayar da sifikar nan da ya cika but da ita.