Lome: na ga jirgin da ke shaƙar hayaƙin gari

Tun da na dawo ake tambayata abin da ya kai ni Togo a tsakiyar damina. Malamina ne ya samar mini gurbin leƙa aikin DACCIWA, na masu binciken iska da gajimare, waɗanda suka girke jiragen sama uku a Lome, babban birnin ƙasar, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yulin 2016: Falcon na Jamus, ATR 42 na Faransa, da ƙaramin Twin Otter na Ingila.

Hanya ba sai na faɗa ba. A wata kan iyaka dai wani jami'i ya juya fasfona kamar ƙosai a kasko, ya jefo mini shi ko kallona bai yi ba. Haushin bai sake ni ba sai a Zongo, inda wani dattijo, jin Hausar bakina kawai, ya ce, "Ɗana, daga Kano? Ai ba ka kwana a otal." Kwana biyar ina cin tuwon gidansa, ko sisi ya ƙi karɓa. 'Yan acaɓarsu, da suke kira zemijan, sun fi namu haƙurin ciniki, sai dai canjin sefa ya cinye aljihuna.

Ranar da aka bar ni na leƙa cikin ɗaya daga jiragen a ƙasa, na tarar an cire yawancin kujeru, an jera akwatunan na'ura. A jikinsa akwai 'yan bututai masu zuƙo iska. Wata baturiya ta bayyana mini cewa naitirojin dayoksaid, gubar da injin mota, janareto da jirgin ruwa ke fitarwa, ba ta daɗewa a iska, don haka kusa da inda aka ƙona mai ake kama ta. Tauraron ɗan'adam kuwa gajimaren damina na rufe masa ido. Shi ya sa jirgin ke bi ƙasa-ƙasa, ya ratsa iskar kafin ta shiga gari, ya sake ratsa ta bayan ta fita.

Da yamma ta nuna mini zanen awon a kwamfuta: layi kwance a kan teku, yana isa hayaƙin birni ya miƙe tsaye. Gabana ya faɗi. Kantin Kwari na tuna, da janareto a ƙofar kowane shago, da ƙannena masu wuni a can.

Dawowa ta Kwatano na yi, ruwa na dukanmu har Legas. Na sayo wa Inna atamfa turmi biyu.