Alhamis, 13 ga Janairu 2022: layi na biyu

Tarin Inna ne ya tashe ni tun kafin kiran assalatu. Ɗakinta na jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu, to duk juyin da ta yi ina ji. Da gari ya waye hazo ya rufe Damagaram ruf, ko duwatsun Birni ba a hangowa. Na leƙa ta, tana ƙudundune cikin bargo biyu, jiki zafi rau, amma bakinta bai mutu ba: wai in je kasuwar Dole in karɓo mata turmin atamfar da za ta kai sunan jikar ƙanwarta ranar Asabar.

Na ce, "Inna, da wannan jikin za ki shiga taro?"

Ta ce, "Ba an auna ni ranar Litinin an ce babu ba? Sanyin hunturu ne, kai dai ka cika tsoro."

Gaskiyarta, an auna ta. Ranar Litinin ɗin da masassarar ta fara muka je likitar unguwa, aka soki yatsa aka duba ta sauro, babu. Aka yi na korona, shi ma layi ɗaya. Ni kaina na yi hamdala, har na bar jikokinta suna hawa gadonta kwana uku. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, tsinken audugar bai shiga ko'ina ba. Yana taɓa bakin hancin ta fizge kai tana salati, yaron da ke awon kuwa ya ji nauyin tsohuwa bai sake matsa mata ba. Na gani da idona, na yi shiru don ina so in ji an ce babu.

Na kira ƙanwata, ita ce ma'aikaciyar jinya a gidanmu. Ko gama bayani ban yi ba ta ce, "Yaya, ku maido ta yau. Kada ku jira." Na nemi izini a makaranta, na bar wa yaran aikin lissafi a allo, na samo adaidaita don Inna ba ta iya zaman kabu-kabu.

Wannan karon majo, shugabar ma'aikatan jinyar wurin, da kanta ta yi. Ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, zai sa ki hawaye," ta tallafe mata ƙeya, ta tura tsinken can ciki ta jujjuya. Inna ta yi atishawa uku a jere, ta ce Allah Ya isa tsakaninta da wanda ya ƙirƙiro abin nan. Aka tsoma tsinken cikin ɗan bututu mai ruwa, aka ɗiga a kan farin allon robar, wanda bai fi tsawon yatsa ba, kamarsa ɗaya da na masassarar sauro. Na zuba masa ido. Ruwan ya rarrafa kamar mai a lagwanin fitila, layin da ke gaban C ya fito ja sosai. Wajen minti goma sai ga wata inuwa a gaban T, siririya, sai ka karkata abin wajen taga kake ganinta.

Na ce, "Majo, wannan ai bai fito ba."

Ta ce, "Mushe, layi layi ne, ko dishi-dishi. Tana da ita."

Ta bari minti 15 ya cika kafin ta rubuta, ta ce min kuma abin da ya fito bayan rabin awa ba a aiki da shi, shi ya sa ba ta yarda mutum ya tafi da allon gida ya dawo da yamma yana cewa ya canza.

Da la'asar ƙanwata ta zo, muka zauna a tsakar gida da takunkumi, nesa da juna kamar masu gaba. Na tambaye ta abin da ke cina tun safe: wanne ne ya yi ƙarya, na Litinin ko na yau? Ta ce babu wanda ya yi ƙarya, ɗaya dai bai gani ba. Wannan na gaggawa furotin ɗin jikin ƙwayar cutar yake nema, sai tana da yawa a hanci yake kamawa. Ranar farko ta yiwu ba ta taru ba, ga kuma tsinke bai kai inda take ba. Shi kuwa gwajin PCR, wanda a farkon annobar a 2020 sai an kai samfur cibiyar bincike ta CERMES a Yamai a zauna jira, ɗan abin da ya samu yake ninkawa har ya bayyana. Ta ce ɗaya garwashi yake hurawa har ya kama, ɗaya sai wuta ta tashi yake hango ta.

Da yake ta san ni da lissafi, ta buɗo min alƙaluman da ƙungiyar Cochrane ta tattara a Maris 2021 daga bincike da dama. Cikin mutum 100 masu cutar da alamunta, gwajin gaggawa na kama kusan 72. Cikin waɗanda ke ɗauke da ita ba alama, 58. Makon farko na ciwo wajen 78, mako na biyu ya faɗo 51, wato kusan daidai da wurga dala sama. Amma ga waɗanda ba su da ita, fiye da 99 cikin 100 yana wanke su daidai. Na ɗauki tsinke na zana a ƙasa: aji mai ɗalibi 100 duk marasa lafiya, ka sallami 28 ka ce su je lafiyarsu lau. Wane darakta ne zai bar ni da wannan aiki? Hukumar Lafiya ta Duniya ma 80 cikin 100 ta gindaya a matsayin mafi ƙaranci, kuma ba kowane kamfani ke kaiwa nan ba. Duk da haka ban ga laifin abin ba. Inda za a jira kwanaki, minti 15 da layi biyu ya hana Inna shiga ɗakin mai jego. Layi ɗayan ne muka ba girman da bai kai ba, muka mayar da shi takardar shaidar lafiya.

Ta ƙara min wani abu da ban taɓa tunani ba: a jikin kwalin an rubuta a ajiye tsakanin digiri 2 da 30. Yanzu da sanyi ba matsala. Amma Afrilun Damagaram, da zafi ke haure 40, a ɗakin kwano, in wuta ta ɗauke? Ta ɗaga kafaɗa kawai.

Bayan magariba ban je fada ba, na aika musu saƙo. Suka yi ta tsokanata a waya, ɗaya ya ce ai ko 'yan ƙwallon Burkina Faso sun yi ƙorafin gwajin da aka yi musu kafin wasan buɗe gasar cin kofin Afirka da Kamaru, to wa zai yarda da abin nan? Wani ya ce tun Maris 2020 ake ba mu tsoro, ga mu nan. Ban biye musu ba, kaina ma ya fara sarawa, ban sani ba ko hazo ne ko tunani.

Aiki mafi wuya shi ne kiran Goggo in ce Inna ba za ta zo suna ba. Ta yi jim, ta ce, "To ba an ce babu ba?" Na ce an sake. Ta ce Allah Ya ba ta lafiya, amma muryar ta nuna ba ta gamsu ba. Atamfar dai gobe zan ba yaro ya kai.

An kwashe jikokin zuwa ɗakin uwarsu, an buɗe tagar Inna duk da ƙura. Ta sha kunun tsamiya rabin kofi da farasitamol, ƙanwata ta ce in numfashinta ya fara sama-sama ko cikin dare ne mu wuce babban asibiti. Ni kuma ta ce kada in yi gaggawar auna kaina gobe, in bari zuwa Asabar, in ya nuna babu in sake bayan kwana biyu. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, ina jin ta ta bango tana jan carbi tsakanin tari da tari.